Ranar da Bature Ya Yi Kiɗan Gayya a Tafoki

Asabar ce, cikin daminar shekarar 1977. An kwana ana yayyafi, da gari ya waye ruwa ya ɗauke, hadari ya koma gabas ya tsaya can yana harara. Ƙasa ta yi laushi irin wanda hauya ke so, iska kuma tana kaɗawa da ɗan sanyi. Duk wanda ya san noma a Tafoki ya san ranar aiki ce, ya kuma san kafin la'asar hadarin nan zai dawo. A ranar ce Maharazu ya sa gayya a gonarsa ta bakin rafi.

Maharazu a lokacin bai kai arba'in ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya da yawan magana. In ka yi masa tambaya sai ya dubi ƙasa ya daɗe, har ka zaci bai ji ba, sannan ya ɗago ya maido maka da wata tambayar. An taɓa zuwa aka ce masa an kama ɓarawon akuyarsa a kasuwar Faskari, shi kuwa abin da ya fara tambaya shi ne ko an ba akuyar ruwa. Boko bai yi ba, allo ma a izu biyar ya tsaya, don mahaifinsa ya rasu gona ta dawo hannunsa.

A shekarar nan kurkunu ya kama shi a ƙafar dama tun farkon damina. Mako huɗu yana kwance ana naɗe tsutsar a jikin tsinke. Kafin ya miƙe, ciyawa ta kamo dawarsa, a wasu wuraren har ta wuce ta. In ba a yi mata maimai cikin makon nan ba, to bana sai dai ya ci a rumbun wani. Shi kaɗai kuwa da ƙafa ɗaya da rabi ba zai iya ba.

Da a shekarun baya ne, wannan ba abin damuwa ba ne. Ka sa gayya, a dama fura, a tuƙa tuwo, majiya ƙarfi su zo su share maka gona kafin azahar. To amma lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, samari sun watse, wasu Kaduna aikin gini, wasu Legas, wasu suna bin kamfanonin hanya. Abin da ya fi muni, Mani makaɗin gangar noma shi ma ya rataye gangarsa ya tafi gadi a wata masaƙa. Gayya kuwa in babu ganga, mutane za su zo don kunya, su yi kunya uku-uku, su sha fura, kowa ya tuna yana da uzuri a gida. An ga haka sau biyu a garin cikin watan.

Ana saura kwana biyu gayyar sai ga Gide, ƙanin Maharazu, wanda ke tuƙin tifa a wani kamfanin hanya. Ya zo da rikoda baƙa mai hannu a sama. Wani Bature injiniya ne ya ba shi ranar da zai koma ƙasarsu, da kaset guda a ciki, ba rubutun komai a jikinsa. Bayan la'asar ya ajiye ta a tsakar gida ya danna.

Abin da ya fito, kai ka ce kwanon rufi ne ya zubo daga kan mota, aka kuma ta da injin niƙa dutse ya faɗa ciki. Kaji suka watse. Can ƙasa-ƙasa wata ganga tana duka, dum, dum, ba ta gaggawa ba ta kuma fashi. Sai wani ƙato ya shiga kururuwa kamar an take masa ƙafa.

Suwaibatu, matar Maharazu, ta tsaya da taɓarya a hannu. Ta ce, "Gide, faɗuwa ta yi a hanya, ko haka aka haife ta?"

Ya ce, "Ke matar Yaya, ina kika san kiɗan Turai? Garayarsu ce wannan, da lantarki take aiki."

"To mai waƙar fa, lantarkin ne ya ja shi?"

"Ki bari in na tashi komawa in tahi da ke birni, ki waye."

"In je in ci mi? Kai da ko tukunya ba ka da ita."

Ta ci gaba da dakanta. Can sai ta sake tsayawa, ta karkata kai. Ta ce, "Ku saurara. Ai noma yake cewa."

Suka kasa kunne. Lalle kuwa, duk inda mai waƙar ya kai gaɓa sai ya ja murya ya ce noma, noma, noma. Ya ɗan numfasa, gangar ta ƙara nauyi, sai ya ce daidai, daidai. Gide ya buga cinya yana dariya, ya ce shi wata biyu yana jin kaset ɗin nan a mota bai taɓa lura ba.

Maharazu bai yi dariya ba. Ya ce a maido daga farko. Aka maido sau uku. Yana zaune a kan turmi yana motsa hannu sama da ƙasa a hankali, sai suka gane hauya yake gwadawa. Duk dukan ganga ɗaya, sara ɗaya. Ya ce, "Gide, batir nawa take ci?"

Ranar Asabar mutum goma sha tara suka hallara, yawancinsu furfura ta fara fitowa. Baba Lawwali sarkin noma ne a gaba, dattijo mai tsawo, wanda in bai saka hauya a ƙasa ba babu mai sakawa. Ya dubi ciyawar, ya dubi gabas, ya ce, "Maharazu, wanga aiki na mutum arba'in ne da ganga. Za mu yi abin da ya sawwaƙa."

Maharazu ya ce, "Baba, akwai makaɗi."

Ya ɗaura wa rikodar igiya ya rataya a wuya kamar yadda Mani ke rataya ganga, ya tsaya bayan sahu ya danna. Mutum biyu suka yar da hauya suka yi baya. Baba Lawwali ya yi a'uziyya. Amma da muryar ta kai inda take cewa noma, noma, sai dattijon ya buɗe baki.

"Bature ne wanga?"

Gide ya ce, "Shi ne, Baba."

"Shina kiranmu noma?"

"Ka dai ji da kunnenka."

Baba Lawwali ya tofa yawu a tafin hannu ya ce, "To ba Bature ne zai zo gonar Tafoki ya ga lalacinmu ba." Ya duƙa.

Waɗanda suka ga aikin safiyar nan sun daɗe suna ba da labarinsa. Hauya goma sha tara suna sauka tare suna tashi tare. Maharazu, mutumin da ba a jin muryarsa daga zaure zuwa tsakar gida, yana ɗingishi a bayansu da wannan aradu a ƙirjinsa, fuskarsa ko gezau. In Bature ya ce noma su ce noma, in ya ce daidai su ɗaga hauya sama su ce daidai. Kowa ya zaɓi inda ya fi yi masa daɗi ya ce takensa ke nan. Baba Lawwali ya ɗauki wurin da garayar ke kuka ita kaɗai kamar ana yanka ƙarfe, in aka zo nan sai ya yi tsalle ɗaya ya yi kirarin kakansa. Kafin rana ta take tsaka sun cinye rabin gona.

Aka kawo fura, suka zauna a gindin tsamiya, rikoda tana gefe tana ta aikinta. Sai ga Malam Harisu a kan keke. Malamin sabuwar firamare ne, mutumin Ƙanƙara, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Yana da kirki, sai dai in ya san abu ba ya iya riƙe shi a ciki. Aka yi masa bisimilla ya sauko.

Baba Lawwali ya miƙa masa ludayi ya ce, "Malam, ashe Turawa ma suna da waƙar noma, ba ku taɓa gaya mana ba."

Malam Harisu ya saurara. Ya fara murmushi, sai kuma murmushin ya tsaya. Ya ce, "Baba, ba noma yake cewa ba."

"To mi yake cewa? Ga shi nan muna ji."

"Kalma biyu ce da Turanci, kunne ne ya haɗa su. Ma'anarsu, ya ƙare, babu saura."

"Daidai ɗin fa?"

Malamin ya dubi cikin ƙwarya. Ya ce, "Wannan kalma ɗaya ce yake maimaitawa. Cewa yake, mutu, mutu."

Wuri ya yi tsit, sai muryar Baturen kawai, wanda ya zaɓi daidai lokacin ya sake faɗa. Gide ya miƙa hannu ya kashe.

Baba Lawwali ya ajiye ludayi a hankali. Ya ce, "Wato tun safe muna tsaye kan dawar mutum, mu goma sha tara, muna ce mata ta mutu, ta ƙare?"

Wani ya ce shi dama tun farko jikinsa bai ba shi ba. Wani ya ce baki ai ba abin wasa ba ne, ya san wanda aka yi wa gonarsa irin wannan, ko kara bai cira ba. Aka fara kakkaɓe wando, ana saɓa hauya. Babu wanda ya yi fushi da Maharazu, tausayinsa ma ake ji, amma babu mai son ƙara hannu a abin da bai san ƙarshensa ba. Can gabas kuwa hadari ya fara motsowa, rabin gona yana nan cikin ciyawa.

Maharazu yana zaune yana kallon ƙasa. Sai da mutum na farko ya kai bakin gona sannan ya ɗago. Ya ce, "Malam, don Allah in ba ka sauri, ka fassara mana ita tun daga farko. Kada mu yanke wa mutum hukunci da kalma biyu."

Son jin labari ya fi tsoro ƙarfi. Waɗanda suka tashi suka dawo suka tsaya, hauya a kafaɗa. Gide yana kunnawa yana kashewa, Malam Harisu yana fassara da ƙyar, don ya ce Turancin a shaƙe yake.

Ga abin da aka samu. Mai waƙar ya ce ya farka da safe ya ga rana ta yi baƙi kamar bayan tukunya. Ya ce yana cikin gari cike da mutane amma babu wanda ya san sunansa. Ya ce kwanaki suna bin sa kamar jirgin ƙasa, shi kuma an ɗaure shi a kan layin dogo. Yana tambaya don me aka haife shi in dai ƙarshen abin rami ne. Ya ce ya yi kira har muryarsa ta dishe, babu abin da ya dawo masa sai muryar tasa. Daga nan ne yake cewa ya ƙare, babu saura, kowa zai mutu.

Maharazu ya ce, "Ba shi da lafiya ne?"

Malam Harisu ya ce, "Lafiyarsa lau. Irin waɗannan mawaƙa, na ji an ce dubban mutane ke taruwa su saurare su."

"Rasuwa aka yi mashi?"

"Bai faɗa ba."

"Yunwa ce?"

"Wanda ke da wannan murya bai kwana da yunwa ba."

Aka ɗan yi dariya. Maharazu ya sake duban ƙasa. Ya ce, "To wa ke yi mashi amshi?"

Malamin bai gane ba.

"Amshi. Na ji kaset ɗin nan ya fi sau ashirin. Ga makaɗa nan suna ta duka, amma babu ko mutum ɗaya da ya karɓa mashi. Ina kuka taɓa jin mawaƙi ya ba da waƙa, a bar shi ya ɗauko abarsa da kansa?"

Wannan kam kowa ya yarda abin mamaki ne. Ko roƙon bara ake yi akan sami mai cewa Allah ya ba da haƙuri.

Sai Maharazu ya yi doguwar maganar da ba a taɓa jin ya yi irinta ba. Ya ce, "Ni na san ciwon nan. Shekarar fari, shekara huɗu ke nan, a gindin tsamiyar nan na zauna ina kallon dawa ta bushe tana iya gwiwa. Ba yunwar ce ta dame ni ba, don kowa na cikinta. Wani abu ne ya shigo mani ƙirji. Ina salla, ina azumi, amma cikina kamar rumbun da aka share. Sai in ce, mu noma mu ci, mu ci mu noma, mu tsufa a kai mu, 'ya'yanmu su ɗauka daga nan, to mi aka yi ke nan? Ban gaya wa kowa ba, ko Suwaibatu. Kwana nawa ina zuwa nan ina zama. Ran nan Baba ya biyo ta hanyar can, ya tsaya ya dube ni, ya ce, Maharazu, tashi mu je fadama, ana haƙar rijiya babu mai jan guga. Shi ke nan abin da ya ce. Na tashi na bi shi."

Baba Lawwali ya ce, "Ni ban ma tuna ba."

"Ni na tuna. Wanga bawan Allah ba dawata yake zagi ba, bai ma san da ita ba. Tsoro yake ji, ya rasa wanda zai gaya wa, shi ne ya sa a kaset. Ya ƙetare teku ya zo har Tafoki yana kira, mu kuma mu saɓa hauya mu bar shi?"

Dattijon ya sauke hauyarsa ya dogara a kai. Ya dubi rikodar. Ya ce, "Kuskurenmu dai maimaita abin da yake faɗa. Mutum na cewa ya ƙare, muna taya shi. To mi za mu ce mashi?"

Gide ya nuna rabin gonar da baki ya ce, "In ya ce ya ƙare, ai ƙarya yake. Da saura."

Aka fashe da dariya, aka ce wannan ta zauna. Ta biyun ce ta ba da wahala. Wani ya ce in ya ce mutu a ce ba yau ba. Baba Lawwali ya ce a'a, wa ya ba ka takarda cewa ba yau ba ce? Sai dai a ce ba yau ba in Allah ya yarda. Aka gwada, ta yi tsawo, kafin a kai yarda ganga ta wuce. Malam Harisu, wanda tun ɗazu yake jin kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya ce a hankali, "A ce, sai ranarta." Baba Lawwali ya juya ta a baki sau biyu, ya ce wannan ba ta saɓa wa komai ba.

Ya kuma ce, "Malam, tunda kai ka tsai da aiki, ga hauya."

"Baba, ni alli na saba riƙewa."

"Ita ma rubutu take yi, a ƙasa. Tuɓe takalmi."

Aka koma sahu, yanzu su ashirin. Maharazu ya rataya rikoda ya danna. Bature ya ja murya ya ce noma, noma, sahu ya amsa, "Da saura." Ya ce daidai, daidai, suka ce, "Sai ranarta." Tun ana yi da dariya har abin ya shiga jiki. Baba Lawwali yakan ɗago tsakanin sara ya yi wa rikodar magana kai tsaye, ya ce haƙuri ɗan nan, ka sha fura ka kwanta, gobe ma rana ce. Malam Harisu kunya biyu ya yi hannunsa ya yi bororo, ana ta tambayarsa yaya ake cewa wayyo da Turanci.

Can bayan azahar batir ya fara sanyi. Muryar Baturen ta yi ƙasa, ta yi kauri, tana jan kalma kamar mai jin barci. Wani ya ce, "Kun ji, ya fara samun sauƙi." Ana saura kunya shida sai ta yi shiru gaba ɗaya. Iska ta taso, ganyen dawa yana kaɗawa, an fara jin ƙamshin ruwa. Mutane suka dubi Maharazu.

Sai ya cire rikodar ya ajiye, ya ɗauki ƙwaryar furar da aka shanye ya kifa a kan cikinsa yana duka da ludayi. Ya buɗe baki, shi da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ƙwala irin ta Baturen, har da shaƙewar. Rabin sahu dariya ta kusa kayar da su, amma suka amsa. Da haka aka kai ƙarshe. Baba Lawwali yana cire hauya daga kunyar ƙarshe ɗigon farko yana sauka, aka kwasa a guje zuwa gari, Gide ya cusa rikoda cikin riga.

Dawar ta yi kyau a shekarar. Maharazu ya cika rumbunsa ya fitar da zakka, ya kuma aika wa Malam Harisu dami guda har gida. Rikodar ta yi gayya bakwai a daminar, har Damari an zo aronta, amma Maharazu ba ya ba da ita sai ya bi ta, don ya ce ba zai bari a kai mutumin inda ba a san amshinsa ba. Da kaka wata rana rikodar ta haɗiye zaren kaset ɗin ta tauna shi, aka yi ta ƙoƙari da tsinke bai gyaru ba. Da damina ta zagayo Mani ya gaji da gadi ya dawo ya sauke gangarsa. Ya ji labari ya ce shi bai yarda an yi masa kishi da akwati ba, amma da ya ga mutane sun saba, sai ya ƙirƙiro kiɗan da amshin zai hau.

Sunan mawaƙin dai babu wanda ya taɓa sani. Maharazu ya tambayi Gide sau da yawa ko akwai hanyar aika masa saƙo, ko da buhun dawa ne, amma kamfanin ya riga ya tashi. Shekaru da dama in ya yi sadakar ƙosai ranar Juma'a yakan ce har da wancan bawan Allah, Allah ya sanyaya masa zuciya.

Malam Maharazu ya yi noma har ya haura saba'in, ya aurar da 'ya'ya shida, ya yi limancin masallacin unguwarsu na ɗan lokaci da aka rasa mai yi. Yanzu yana Funtuwa a gidan 'yarsa Asma'u. Idonsa ya rage gani, amma yana zuwa masallaci da ƙafarsa.